Kwaɗo Biyu, Makulli Ɗaya

Makarfi, Laraba da dare

Yau mataimakin shugaban makaranta ya ce za a rufe ƙungiyarmu ta kimiyya, a zuba karyayyun bencuna a ɗakinmu. Wai ina ɓata wa yara lokaci da zancen jirgin ƙasa, alhali ba ya fitowa a jarrabawa.

Na roƙe shi ya shigo ya ga abin da muka haɗa da katako: layin dogo, da mararraba, da sigina mai ba jirgi izinin wucewa. Kwaɗo biyu muka sa, makulli ɗaya. Makullin ba ya fita daga kwaɗon mararraba sai an daidaita layin an kulle shi, sannan a je a buɗe sigina da shi. Haka ake hana jirage karo.

Ya kama hannun siginar ya ja, ta ƙi motsi. Ya ƙara ƙarfi har hularsa ta karkace. Sai ɗalibata Hafsatu ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ba ƙarfi take so ba. Ko kai ne mai tasha, sai ka fara gyara hanya."

Shekara biyu ina jiran in ji muryar yarinyar nan a aji.

Bai ko murmusa ba, ya ce lallai a kwashe. To, a kwashe. Ɗaki nasu ne, amma makullin kwaɗon nan biyu yana aljihuna. Na gaya wa yara Laraba mai zuwa mu haɗu a gindin darbejiya, kuma Hafsatu ce za ta yi bayani.