Baba da Shirin Ɗan Sandan Ciki

Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Mu nan sai godiya. Gwiwa ce dai ke ta mulkinta, kunne kuma kin san halinsa, shi ya sa na koma takarda. A waya muryarki kamar daga cikin rijiya take fitowa, sai in yi ta cewa “to, to” ban san abin da na amsa ba.

Talabijin ɗin da kika aiko ta iso. Ƙaninki ya kafa ta a falo, ta cinye rabin bango, har hoton mahaifiyarki sai da aka matsar da shi gefen taga. Matarsa ta kamo mini shirin nan da kika ce in kalla, na ɗan sandan ciki da ya saje da ɓarayin mota. Da farko na zauna ne don kar a ce na raina kyauta. Yanzu kuwa yammacin Alhamis ko baƙo aka yi sai ya jira.

Amma ki gaya wa masu shirin su sake wa mutumin nan takalmi. Riga a yage, gemu buzu-buzu, takalmi kuwa sabo fil, an ɗaure igiyarsa ɗaurin bariki. Ɓarawo ƙafa yake fara kallo kafin fuska. Da a gaske ne, da tuni an gama zaman makokinsa.

Shekara biyu ke nan rabonki da gidan nan, tun rasuwar mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta. Ba ƙorafi nake yi ba. Na dai lura tun kina ƙarama, in ba ta gida ba kya son zama inda nake. Yanzu kuma ba ta nan gaba ɗaya. Ɗakinki na nan ana share shi. Yaushe za mu gan ki?

Allah ya yi miki albarka.
Babanki.

*

Baba,

Barka da war haka. Yaya gwiwa? Ka riƙa shan maganin bayan cin abinci, na san halinka, ma’aikaciyar jinya ka haifa amma kai ke rubuta wa kanka doka. Jikokinka suna gaishe ka.

Na yi dariya har sai da abokiyar aikina ta leƙo ta ga ko lafiya. Wai Baba, kai da ka yi shekara talatin a siton ’yan sanda kana raba wa kurata bargo da bel, yaushe ka zama malamin ɓarayi? Ko da yake takalmi fanninka ne, ba ni da ja.

Ni kam shirin ya kama ni. Ba sa yi wa kowa kwalliya: ofishinsu fanka ba ta aiki, shayi ya huce a kofi, mutumin kirki ya yi abin kunya don kar asirinsa ya tonu. Abin da ya fi riƙe ni shi ne, duk ƙaryar da yake shararawa, ni da ke zaune a kujera na san abin da ke ransa. A asibiti sai in wuni da mutum ban san cikinsa ba. Shi kuwa wannan, kamar ni ya ba ajiyar sirrinsa.

Ka ga na wannan makon? Inda ’yarsa ta hango shi a bakin kanti yana tare da ɓarayin, ta kira shi, ya faki ido ya ja ta bayan katanga ya rungume ta? Kuka na yi wiwi, surukinka yana ta yi mini dariya.

Batun zuwa, ma’aikata sun yi mana ƙaranci, amma zan duba. Ɗaya maganar kuma, Baba, a bar kaza cikin gashinta.

’Yarka.

*

Uwata,

Ina gaishe ku duka. Maganin ina sha, a gaban shaidu.

Na ga na wannan makon, kuma ban ƙarasa shi ba, tashi na yi na bar musu falon. Ƙarya suka yi. Ba a yin haka. Wanda ya ja ’yarsa bayan katanga ya nuna wa mutanen banza inda za su kama shi, kuma ba shi za su fara taɓawa ba, ita ce. Abin da ake yi shi ne ka dube ta kamar ba ka taɓa ganinta ba, ka kore ta da kakkausar murya, ka juya, kada ka waiwaya.

Za ki ce ina mai rabon bargo ya san wannan. Sito na yi shi, amma shekara shida na ƙarshe, bayan gwiwa ta ƙi. Kafin nan aikin mutumin talabijin ɗin nan nake yi, sai dai ni ba a sa mini kiɗa. Duk kwas ɗin da ake ce muku na tafi, ba kwas ba ne. Mahaifiyarki kaɗai ta sani.

Abin da na ce ana yi, na taɓa yin sa sau ɗaya. Kina ƙarama sosai a lokacin, na tabbata kin manta.

Babanki.

*

Baba,

Ina gaisuwa. Kwana tara takardarka na cikin aljihun rigar aikina, sai yau na iya ɗaukar biro.

Ban manta ba. Shekarata tara. Mama ta aike ni karɓo ɗinki a shagon telan da ke bakin tashar manyan motoci. Wata biyar rabona da kai. Sai ga ka tsugune gaban wata tirela, hannu duk baƙin mai, kana dariya da waɗansu mutum uku. Na ruga ina kiran Baba, na kama hannun rigarka. Ka fizge, ka ce, “Ke, ’yar wa ce wannan? Matsa ki ba mutane wuri.” Suka yi dariya, kai ma ka yi.

Na koma ƙofar shagon na tsaya. Na ce a raina wasa kake yi, yanzu za ka waiwayo ka ƙifta mini ido. Har ka hau motar ba ka waiwayo ba.

Da na gaya wa Mama, ta ce idona ne ya yi mini gizo, babana na can wajen kwas, kar ta sake jin zancen. Bayan wata biyu ka dawo da aski da farar riga, ka kawo mini agogo, ka ce “Uwata ta girma.” Ni kuwa na riga na yanke cewa kana da wata rayuwa inda kake jin kunyar a san ni taka ce. Ina son ka, Baba, ban taɓa dainawa ba. Amma tun ranar, in muka rage mu biyu a ɗaki sai in nemi dalilin fita.

Yanzu na gane dalilin korar. Abin da ban gane ba shi ne shirun shekara talatin.

’Yarka.

*

Uwata,

Ina gaishe ki. Na karanta sau uku.

Mutanen nan uku sun kashe direbobi biyu kafin a tura ni cikinsu a matsayin makanike. An yi mini alkawarin aikin ba zai kusanci garinmu ba, sai ga mota ta lalace a nan. Da kika kama rigata, babbansu ya ce, “Yarinyar nan kuwa da hancinka.” Dariyar da kika ji, ita na samu na rufe maganar da ita.

Ban waiwaya ba, gaskiya ne. Amma da na hau mazaunin direba na ce madubin gefe ya karkace, na sa hannu na gyara shi har ya kamo ƙofar shagon. Kina riƙe da ledar ɗinki a ƙirji da hannu biyu. Safarki ta hagu ta zame. Kin yi ta goge hanci da kafaɗa. Na ce injin na bukatar ya yi zafi, na yi ta ba shi wuta a tsaye, har sai da matar telan ta fito ta kama hannunki ta tsallakar da ke titi. Sannan na ja mota.

Shirun kuma ba ni da hujja mai kyau. Da farko doka ce. Daga baya ɗayansu ya tsere, na ji tsoro. Da aka kama shi, sai kunya ta karɓi aikin. Mahaifiyarki ta sha ce mini in zaunar da ke, ina cewa gobe. An koya mana yadda ake shiga da yadda ake ɓoyewa, ba wanda ya koya mana abin da mutum zai ce in ya dawo gida. Na lallashi kaina da cewa yaro mantuwa gare shi.

Ban taɓa jin kunyarki ba, ko na minti ɗaya. Ki yafe mini, Uwata.

Babanki.

*

Baba,

Ina gaisuwa. Shekara talatin ina cewa ko kallona ba ka yi ba. Ban san da madubi ba.

Na karɓi hutun mako biyu. Ina tafe ranar Asabar, motar ƙarfe huɗu, ni kaɗai. Kar ka turo ƙanina. Ka lallaɓa gwiwar, ka zo ka tarye ni da kanka.

Uwarka.