Gwaji ya nuna Amana ɗan Fulani ne, an ce in ƙaryata ko a karɓe gonarmu

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Ni unguwarzoma ce a likita, wato asibiti, nan Dogon Dutsi, asalinmu wani ƙauye ne kusa da Matankari. Duk zuri'armu Amana ake kiranmu, shi ne sunan da ke kan takardunmu tun daga lakwal, makarantar boko. Amana kakan babanmu ne. Tun muna yara ake gaya mana jinin sarautar Arewa ne, wai amanar sarki da ya riƙe ta jawo mishi sunan. Ni kuma mutum ce mai son bin diddigi, da na ji akwai gwajin ADN, wato ƙwayar halitta, da ke bin layin uba kaɗai, daga ɗa zuwa uba zuwa kaka, sai na sa wata ƙawata da ke Faransa ta aiko mini da kwalabe biyu. Mace ba ta yin irin wannan gwaji, don haka na roƙi ƙanena Isufu ya ba da miyau, shi ke noma gonar gidanmu tun rasuwar baba. Na biyun na kai wa Baffa Nomau, babban dangi, jikan yayan Amana. Da dariyarshi ya tofa, yana cewa yau Nasara zai tabbatar da abin da kowa ya sani.

Da rezilta ta fito, Isufu da Baffa ba su haɗa kaka ba ko kaɗan. Cikin waɗanda suka taɓa yin gwajin, wanda ya dace da Isufu wani ɗalibi ne da ke karatu a waje, ɗan Fulani makiyaya na wajen Dumega. Ban ɓoye ba, na faɗa wa dangi, kuma nan ne na yi gaggawa, wannan kam na yarda. Kafin sati ya zagayo magana ta cika ƙauye, ana cewa ashe uwar Amana waje ta ɗebo shi. Matar da ta rasu tun kafin a haifi babana aka tone ana zagi.

Abin ya hana ni sukuni, na hau kabu-kabu na tafi wurin Gwaggo Hajo, yayar babanmu, wadda ta taso a hannun matar Amana. Da na gaya mata, ta ce, “Ke dai ba ki barin abin da aka rufe. Babu wadda ta yi zina. Shekarar wata yunwa ce shanun wasu Fulani suka ƙare, suka bar yaro ɗan yaye a gidan nan, suka ce ga amana har su dawo. Ba su dawo ba.” Ta ce tsofaffi duk sun sani, shi ma Amana ya sani, daga baya ne aka ɗinka zancen sarki don 'ya'yanshi su samu aure ba gori. Na yi magana da ɗalibin nan, ya tambayi kakanshi, tsohon ya ce lalle sun taso da labarin wani yaro da aka bari a ƙasar Matankari, har kuka ya yi, ya ce mu zo ya gan mu kafin ya mutu.

Da labarin Gwaggo ya kai mishi, Baffa Nomau ya tara dangi. Ya ce abu biyu ne, ko in tashi gaban kowa in ce gwajin ƙaryar Nasara ce, Gwaggo kuma tsufa ya ruɗe ta, ko kuwa in gaskiya ne to ɗan riƙo ba ya gado, Isufu ya tattara ya bar gonar bayan girbi. Na ce mishi Baffa da girmanka, ba zan yi ko ɗaya ba. Gonar nan ba gadon gidanku ba ce, daji ne Amana ya sare da gatarinshi, kowa ya san haka, 'ya'yanshi suka gada, mu ma muka gada. Kuma ba zan mai da tsohuwa mahaukaciya ba don ta faɗi gaskiyar da ta wanke wata baiwar Allah daga ƙazafi. Ya ce lakwal ta lalata ni. Na ce to.

Ni wallahi ban ga abin kunya ba. Mutanen da suka riƙi ɗan wani cikin yunwa, suka ci da shi har ya girma suka yi mishi aure, wannan ya fi mini kowace sarauta. Wasu cikin dangi sun fara kirana 'yar Fillo suna dariya, ina amsawa, kuma ranar Lahadi in sha Allahu zan tafi Dumega in gaida tsohon nan, ko da ni kaɗai.

Inda ƙarfina ke karyewa Isufu ne. Ni ina da albashi, shi hatsin gonar nan ne abincin iyalinshi, kuma gonar ba ta da takarda. Ya daina ɗaga wayata. Matarshi ce ta zo har likita ta same ni, ta ce ya ce miyau kawai na roƙe shi, bai san gonarshi zai tofar ba, in taimaka in faɗi kalma ɗaya a wuce wurin.

Baffa ya ba ni zuwa Juma'a mai zuwa. Malamai da masana shari'ar gona da ke gidan nan, shin yana da hurumin karɓe gonar da kakanmu ya sare da hannunshi? In fara kai magana wurin mai gari, ko in wuce jastis, wato kotu, kai tsaye, duk da na san daga ranar zumunci ya mutu? Duk shawarar da kuka kawo zan duba, ban da ta in ce ƙarya ne. Ku nuna mini yadda ƙanena zai shuka gonarshi baɗi ba tare da na ƙaryata Gwaggo na bar ƙazafi a kan matacciya ba.