Abin da Kwazazzabo Ya Tono a Kusada

Zuwa ga jikana, mijina na ƙarya, Abdullatif,

Kafin gaisuwa, injiniya, ga kacici-kacici: mene ne ake binnewa da ransa, ƙasa ta kasa cinsa muddin ana magana ta cikinsa, ran da aka yi shiru sai ta fara? Ban yarda ka tambayi wayar aljihunka ba.

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Sumaiya da yara, Allah ya ƙara muku rufin asiri a can Fatakwal. Mu nan sai godiya. Gero ya fara fitar da kai, ƙanwarka Rauda ta sauka lafiya, ɗiya mace. Baffanka Sada yana nan da ciwon gwiwarsa, ni kuma da haƙorana da suka rage, suna gaishe ka.

Ruwan Juma'ar da ta wuce ya ƙara buɗe kwazazzabon da ke bayan makabarta, har ya tono wata tsohuwar waya. Sada ya kawo mini guntunta yana tambaya ko na san ta. Na san ta mana. Ita ce wadda marigayi kakanka, Gajere mai waya, shi da abokan aikinsa suka binne daga Kankia zuwa nan, zamanin tarho mai igiya. Ta yi kore shar. Ina taɓa ta ta marmashe mini a hannu kamar busasshen ganyen kuka.

Da ba haka take ba. Wata shekara kakanka ya tono wani yanki zai yi gyara, ya kawo mini na gani, jan ƙarfenta na ƙyalli bayan damina da yawa a cikin laka. Na ce lalle aljanu ke gadinta. Ya yi dariya, ya ciro batirin tocila ya nuna mini kai mai ɗan ƙulu da kuma gindi. Ya ce a ofishinsu akwai manyan batura, kan suke haɗawa da ƙasa, gindin suke turawa cikin waya. Wai da an juya, danshi da wuta za su riƙa kwasar jan ƙarfen kaɗan-kaɗan suna miƙa wa ƙasa har ya tsinke. A haka kuwa, ƙasa sai dai ta rungume ta tana kallo. Na ce ashe ƙasa ma ana yi mata wayo. Ya ce na ɗan lokaci ne kawai, Hadijatu.

Tun ran da na riƙe guntun nan, da hantsi ina tankaɗe sai in ji ƙarar tarho daga wajen makabarta. Sada ya ce kunnen tsufa ne. Wataƙila. Amma kakanka da ransa ma rowar kira gare shi, ba ya kira sai da dalili.

Dalilin kuwa ga shi. Bakin kwazazzabon ya kusa kabarinsa, har itacen da aka kafa masa ya karkace. Maza sun jera buhunan yashi, ruwa ya tafi da su. Sada ya ce sai wanda ya san aikin gada da magudanar ruwa, kuma kai kaɗai muka haifa mai wannan karatu. Ka nemi izini ka zo kafin sama ta sake haɗuwa. Ni ma can na nufa, kuma ba na son in isa in tarar ruwa ya kai shi wani gari.

Ka gaishe da Sumaiya da Ulfa da ɗan autanku mai kunnen kakansa. Sada da matarsa Jamilatu suna gaisuwa. Allah ya kawo ka lafiya.

Matarka da ka manta,
Hadijatu

Amsar ita ce wayar tarho. An kashe mata batura, ƙasa ta cinye ta.