Kwalba Ta Tara

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aikin koyarwa, ya baƙunta? Ni lafiya lau, sai dai gidan ya yi mini girma tun tafiyarki. A shago ma agogunan mutane kaɗai ke yi mini hira.

Yaya, ki yi haƙuri, ban zubar da kwalabe goma sha biyun da kika bari a ɗakin marigayi Baba ba. Na san kin ce shekara huɗu kina haɗa ruwan sinadari don ki sami wata ƙanƙara mai kama da lu'ulu'u da za ta ba da haske, ta ƙi fitowa, kin bar aikin ke nan. Amma kowace safiya ina leƙa su da madubin gyaran agogo. A gindin ta tara akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar gishiri.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki, Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Kai dai ba ka jin magana! Wannan gishirin na gan shi sau ɗari, kwana biyu yake yi ya zama gari. Ƙwayoyinsa ba ɗaure suke ba, riƙon haidurojin ne, kamar mutum biyu sun riƙe juna da kan yatsa. Abu kaɗan ke raba su. Ka zubar, ka nemi abokan hira. Ni na kama wata hanya, ba zan dawo ba.

Yayarka

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Wasiƙarki ta iso, na karanta sau uku.

Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma shekara huɗu ina kallonki. Kullum sai kin ɗaga kwalba kin duba a taga, kin ɗan girgiza, kin yi tsaki, kin ajiye. To wanda aka riƙe da kan yatsa, ina zai jure wannan?

Ta tara na huda murfinta da allurar agogo, huda ɗaya tak, don ruwan ya riƙa bushewa a hankali. Yau kwana arba'in da uku ban taɓa ta ba. Ko takalmi ba na shiga ɗakin da shi. Abin ya kai farcen ɗan yatsa, kusurwa shida, garau.

Jiya da hantsi na saki labule na haska shi da 'yar tocilanki mai shuɗin haske. Yaya, kore ya yi. Na kashe tocilan, koren bai mutu nan take ba, sai da na ƙirga bakwai. Na juya in ce miki zo ki gani, sai na tuna.

Ban san sunansa ba, ban san yadda ake ciro shi ba. Ruwan saura kaɗan.

Allah ya bar zumunci.
Auta

Autan Baba,

Kada ka taɓa. Kada ka share ɗakin. Asabar ina tafe, motar safe.

In na kai hannu, ka riƙe ni.

Yayarka