Fitilar da ta mutu da ɗuminta

Jalingo, daren Alhamis.

"Malama, wannan ma ya mutu," in ji Baba Jauro mai sito, yana nuna mini fitilar ajinmu ta ƙarshe.

Tun da Di'o, jami'in da ke kula da makarantarmu, ya ba shi izinin fasa matattun fitilun makaranta ya sayar wa maƙeran unguwar Sintali jan ƙarfen cikinsu, annoba ta faɗa wa fitilunmu. Kuma ba sa mutuwa sai jajibirin kasuwa, kamar yau. Wannan ciwon dai ba a koya mana shi a jami'a ba.

Na taɓa ta, na ji ɗumi.

"Baba, gawa da zazzaɓi?"

"Rana ne ya buge shi," ya ce. Bayan magariba! Sai ya zaro sabuwar munduwar jan ƙarfe daga aljihu, wai tsarabata. Ta yi kyau, abin haushi.

Ban kama shi da komai ba. Amma 'yan matana na da jarrabawa, kuma da fitilar nan suke karatu. Na bar masa munduwarsa, na rungumi gawar, na ce ni zan yi mata sutura. Na ja masa ƙofa na tafi.

Da hasken marigayiyar nake wannan rubutu.