Ƙarar Ɗakin Baya

Angona Bilyaminu,

Kafin gaisuwa, ga kacici-kacici: wane baƙo ne ya sauka gidanmu, ba ya cin tuwo, mai gidan yake ci?

To, ina gaishe ka. Ya Damagaram, ya karatu, ya iyalin kawunka? Mu nan Arlit lafiya lau, sai kewar Madawa da ba ta sake ni ba tun da na biyo babanka.

Mina maƙwabciyarmu ta nuna mini bidiyon da ka ɗauke ni ina tatsuniya. Ka fito da ni fes, har na so in sake miji in bar ka. Ta ce malaminku ya bar wa kowa ya kafa ma'aunin da za a auna aikinsa da shi, kai kuma ka zaɓi hoto mai haske da sauti marar hayaniya. Shi ya sa ka goge ƙarar da ke fitowa daga ɗakin baya. Har inda na tsaya da labari ina jiran ta lafa, ka yanke. An ba ka maki mai kyau, madalla.

Da ni ce malamar, ma'aunina ɗaya ne: mai kallo ya ji gidan yadda yake. Sifiri ka ci.

Kada ka damu, babanka yana shan kunu in na matsa masa. Amma ka zo, kada ka jira hutu. Ka taho da zuma. Allah ya yi maka albarka.

Kakarka, Talatu

Baƙon nan tarin babanka ne da ka ji a ɗakin baya, wanda ya kwaso a ramin ma'adinai. Jiya ya fara zuwa da jini.