Katakon da Ke Ƙarƙashin Tanki

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Inna, da Anti da yara.

Ka tuna guntun katakon roban da ka aiko min, irin wanda ka ɗora tankin ruwa a kansa a saman ɗakin Inna? Na gama haɗa na'urar gwajin da nake ba ka labari, kuma da shi na fara. Na kwantar da shi kan ƙafafun ƙarfe biyu, na rataya masa nauyi a tsakiya, na rufe shi da akwati mai zafi irin na rufin kwano da tsakar rana. Akwai allurar awo da ke nuna ko kaurin gashi ya lanƙwasa.

Makon farko allurar ba ta motsa ba. Yau kwana sittin, ya lotsa kaurin yatsana, kuma kullum ƙara sauri yake. Don Allah ka juye ruwan tankin, ka fitar da Inna daga ɗakin.

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Wa alaikis salam. Kowa lafiya. Inna ta ce kin yi wuyar gani.

Sannu, Injiniya! Shekara ashirin ina gini, yau ke da na goya za ki koya min katako? Dillalin katakon a gabana ya hau kansa da mota, bai karye ba. Ni ma na yi tsalle a kai, kin kuwa san tumbina. Ba ya ruɓewa, gara ba ta cinsa. Ki bar tayar wa tsohuwa hankali.

Yayanki

Yaya,

Bayan gaisuwa da ban girma. Motar nan minti nawa ta yi a kai? Tankinka ya kusa shekara, ba ya sauka ya huta.

Jiya da hantsi katakon ya karye, kwana tamanin da takwas. Bai yi ƙarar gargaɗi ba. Nauyin ya faɗo ya fasa simintin ɗakin gwaji, ni kuwa na zauna a ƙasa, Inna kawai nake gani.

Ba raina aikinka na yi ba, wallahi. Kai ma cutarka aka yi. Ka hau da kanka ka ɗora igiyar awo, za ka ga cikinsa ya sauko.

Na roƙe ka,
Auta

Auta,

Salama. Na hau, na gani. Na juye ruwan, Inna tana ɗakina.

Abin da ban faɗa miki ba, ba gidanmu kaɗai na sa wa ba. Ranar Talata da azahar na shagon teloli ya rufto. Mata biyu na kan keken ɗinki a ƙarƙashi. An fito da ɗaya da rai. Ɗayar ni na ɗaga tankin daga kanta.

Saura gida tara. Na zaga su duka, uku sun ƙi juye ruwan, wai ai ni na rantse musu da ƙarfinsa.

Ki taho da takardun awonki a motar farko. Maganata ba ta da nauyi yanzu.

Yayanki